Tutar Biyafara a Ofishinmu na Guangzhou

Na san abin da ake faɗa muku a kaina. Abba, kai ka taɓa gaya mini cewa a wajen wani ɗaurin aure a Kurna wani dattijo ya tambaye ka ko kai ne ɗan Garban da ya ɗaga tutar Biyafara a China, ka rasa abin da za ka ce masa. Ni ma da ka gaya mini canza zance na yi. Yanzu da ƙafa ta zaunar da ni a gida, mahaifiyarku kuma ba ta duniya, gara ku ji yadda abin ya faru daga bakina, kai da Zainab da Sadiya, maimakon ku riƙa tsintarsa a bakin mutanen da ba su taɓa taka Guangzhou ba.

A shekarar da nake magana na riga na daɗe a garin. Sana'ata wandon jins ce: in hau mota zuwa Xintang in zaɓi yadi in tsaya a kan ɗinki, in zaga kasuwannin Shahe in cike da riguna, a loda kwantena a tashar jirgin ruwa ta Huangpu ta kama hanyar Legas. Ku kuna Kano wajen kakarku kuna makaranta, mahaifiyarku ce kaɗai tare da ni a wani ɗan gida a saman bene, inda ba a ganin rana sai ta take tsaka. Sito kuwa guda ɗaya muke riƙe da shi ni da wani Ibo mai suna Okechukwu, wanda kowa yake kira Oke. A wata masana'anta a Xintang muka haɗu, ina ta mita ni kaɗai da Hausa saboda duk launin da na tambayi lawban ɗin, wato mai wurin, sai ya ce mini meyo, babu. Sai na ji wani a bayana ya ce, da Hausar Kano tsantsa, in daina ɓata bakina, akwai shi a ciki, so yake in kwashe wanda ya yi kwantai tukuna. A Sabon Gari aka haife shi, a can ya yi wayo. Ya ɗan girme ni, ƙato ne mai tafiya a hankali saboda ciwon suga da ya fara cin ƙafarsa. Shekara da shekaru muna haɗa kaya a kwantena ɗaya, ba mu taɓa kai ƙarar juna gaban kowa ba. In na tayar da salla a kusurwar sito shi yake hana 'yan dako giftawa ta gabana, duk Lahadi kuma in ya taso daga coci gidanmu yake zuwa cin tuwo. Mahaifiyarku takan tuƙa masa na alkama daban saboda ciwonsa, Baban Ngozi take ce masa, da sunan 'yarsa ta fari.

Mu 'yan Najeriya muna da ofishin ƙungiya a saman wata kasuwa, falo ɗaya da ɗan ɗaki. Da wasa muke ce masa gidan gwamnati, amma in ka duba ba wasa ba ne. In an kama mutum a kan biza can ake zuwa, in 'yan kasuwa sun saɓa can ake sulhu, in wani ya mutu can ake zama a san yadda za a yi da gawarsa. Hukumomin garin ma wannan ƙofar kaɗai suka sani in suna neman wanda zai yi magana da yawunmu. Babu komai a bangon sai tutar Najeriya da agogo. Kwamitin da ke riƙe da wurin ya haɗa Ibo da Yarbawa da mutanen Binin da mu 'yan Arewa, ni ne kuma a kujerar Arewa. Ƙa'idarmu tun farko ita ce ba a sa komai a ofishin, ba a cire komai, sai kowane ɓangare ya yarda.

A shekarar ne gardama ta tashi a gida. Wasu a gabas suka ce ranar da suke tunawa da mutanensu da suka mutu a yaƙin basasa a ɗaga tutar Biyafara a sakatariyoyi da makarantun gwamnati, wasu suka ce duk wanda ya yi haka ya ci amanar ƙasa. Rediyo ya ɗauka, waya ta ɗauka. Mu da muke nesa sai muka fi na gida zafi, don in mun taso daga kasuwa ba mu da abin yi sai kallon waya. Ba a jima ba samarin Ibo suka kawo wa kwamiti buƙata, su ma suna so a rataya tutar a ofishinmu ranar, kusa da ta Najeriya. Har sun bugo ta, ja da baƙi da kore da rabin rana a tsakiya, don a garin da ake buga tutar kowace ƙasa a wuni ɗaya samunta ba wuya. Yarbawa da mutanen Binin suka zame, suka ce magana ce tsakanin Ibo da Arewa, duk abin da Arewa ta ce shi suka ce. Da haka abin ya dawo kaina ni kaɗai.

Malam Habu, wanda yake ja mana salla, ya tara mu bayan Juma'a a wani gidan abinci na Musulmin China. Bazazzagi ne mai sanyin hali, ba mai neman fitina ba. Ya ce wannan ba ƙyallen makoki ba ne, tuta ce da aka yi yaƙi a ƙarƙashinta aka kashe mana mutane, kuma yaran da ke haƙilo a kanta ba a ma haife su ba lokacin. Ya ce bana wuni ɗaya za a ce, baɗi a ce ta zauna. Ya ƙara da cewa mutanen garin nan ba sa wasa da siyasar baƙi, in suka ji ƙishin-ƙishin za su rufe ofis, kowa ya rasa. Ban ga ƙarya a maganarsa ba ko ɗaya. Aka watse a kan in je in ce ba mu yarda ba, na kuma ce to.

Duk makonnin nan Oke bai ce mini uffan ba a kan zancen. Sai wata rana da azahar, ana tsuga ruwan sama, muna zaune a kan dilolin kaya muna jiran babbar mota, ya ɗora ƙafarsa mai ciwo a kan kwali ya ce:

"Garba, zan roƙe ka abu ɗaya. In ka ƙi, ba zai shiga tsakaninmu ba."

Ranar ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Mahaifinsa makaniki ne a layin dogo a Kano. Lokacin da aka tasar wa Ibo a Arewa, kafin yaƙi, ya sa iyalinsa a jirgin ƙasa ya koma ɗauko wani ɗan'uwansa, ba su sake ganinsa ba. Uwarsu ta kai su ƙauye a gabas, yaƙi ya same su a can, yunwa ta biyo baya. Ƙannensa biyu a daji suka mutu, cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja. Shi da uwar suka tona da adda suka rufe su. Da ya girma ya koma neman wurin, ya tarar an share dajin an yi gonar kwakwar manja, ya rasa ko ta ina zai fara. Yana ba ni labarin nan muryarsa ba ta canza ba, kamar yana gaya mini ranar da jirgin ruwa zai tashi.

"Yaran nan ƙasa suke nema," in ji shi. "Ni ba ƙasa nake nema ba, na tsufa. Kai in ka je Kano kana zuwa maƙabarta ka tsaya a kan mahaifinka. Ni ba ni da inda zan tsaya. Wannan ƙyallen kaɗai nake da shi. Wuni ɗaya, a cikin ɗaki, a rufe ƙofa."

Motar ta zo muka tashi. Amma ku sani ni ɗan Fagge ne, titi ne kawai tsakaninmu da Sabon Gari. Ina ƙarami lokacin, amma ina tuna kwanakin da aka hana mu fita, ina tuna hayaƙi, ina kuma tuna yadda bayan an lafa kekunan ɗinki da akwatunan rediyo suka bayyana a gidajen da ba su taɓa mallakar su ba. Babu wanda ya yi mana bayani, a gida ko a makaranta. Na girma, na yi aure, na yi furfura, ban taɓa jin wani babba ya zauna ya ce ga abin da aka yi a garinmu ba. Sai ga shi mutumin da nake cin abinci tare da shi yana can a tsallaken titin nan a waɗancan kwanakin.

Da safe muna shan shayi na gaya wa mahaifiyarku abin da nake tunanin yi. Na san tarihinta, amma na ɗauka tsohon zance ne da ya mutu a ranta, tunda ba ta taɓa tayar da shi ba. Mahaifinta, kakanku, kurtun soja ne. Tana goye aka kai shi yaƙi gabas, ya mutu a wajen ƙetare kogi a Onica, ba a ga gawarsa ba. Ta ajiye kofinta.

"Alhaji, ni wa ya nuna mini kabarin nawa uban?"

Na ce na sani. Ta ce ban sani ba. Ta ce ko hotonsa ba ta da shi, sunansa kawai aka ba ta. Ta ce Baban Ngozi ya daɗe yana cin tuwonta ba ta taɓa ce masa komai ba, don ta ɗauka duka an bar wa Allah, amma in shi bai bari ba, to ita ma ba ta bari ba. Na ce mata ba don masu bindiga za a rataya ta ba, don yaran da yunwa ta kashe ne.

"Tuta ba ta san yaro ba, ba ta san soja ba," ta ce. "In ka ɗaga hannu, ka sayo mini tikiti."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Kun san ta, ba ta ɗaga murya. Ta kwashe kofuna ta shiga kicin.

Ranar zaman kwamiti ofis ya cika har bakin bene. Aka yi ta magana da Turanci, kowa yana maimaita abin da ya ji a waya. Wani dattijon Ibo ma ya tashi ya ce shi bai goyi baya ba, tsoron hukuma yake ji, samarinsu suka yi masa ihu ya zauna. Oke yana can baya a kan kujera, bai ma dube ni ba. Da aka zo kaina na tashi na ce mutanena sun aiko ni in ce a'a, kuma hujjojinsu masu ƙarfi ne. Na ce amma ni na kasa gaya wa mutum inda zai yi kukan matattunsa. Na gindaya sharuɗɗa: wuni ɗaya, a ciki ba a waje ba, ta Najeriya tana nan a inda take, ba waƙar yaƙi, ba ɗaukar hoto. Suka ce sun yarda. Shugaba ya ce mai goyon baya ya ɗaga hannu, na ɗaga. Wannan shi ne duk abin da na yi. Ban taɓa tutar da hannuna ba, ban saye ta ba, ban rataya ta ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na tarar mahaifiyarku ta sauko da akwatinta daga saman kabad. A cikin makon na raka ta filin jirgi, ta yi mini sallama kamar yadda mace take yi wa mijinta a gaban mutane, ta shige. 'Yan kasuwarmu da suke ajiye kaya a sitonmu suka turo aka kwashe. A masallaci wanda ya saba rungume ni sai ya miƙo mini kan yatsu. Malam Habu shi ya tako da kansa har sito, ya zauna, ya ƙi shan ruwan da na kawo, ya sanar da ni an sauke ni daga kujerar.

"Ba don ka tausaya masa ba ne, Alhaji," ya ce. "Ka yi da yawunmu abin da ba mu aike ka ba."

Na ce haka ne. Na kuma ce in an sake zaman gobe, hannun nan zan sake ɗagawa. Ya yi mini addu'a ya tafi. Mutanenmu sun so a warware shawarar, amma shugaban ƙungiya ya ce abin da aka zartar an zartar.

Ranar ta zo. Na je, don na ga bai kamata in ɗaga hannu sannan in ɓuya ba. An rataya ta a gefen ta Najeriya, an kunna kyandir a ƙasa, mutane suna shigowa kaɗan-kaɗan cikin baƙaƙen kaya. Oke ya sa an ajiye masa kujera a gabanta, ya zauna ya sunkuyar da kai, leɓensa yana motsi. Da farko abin ya tafi yadda aka yi alkawari. Amma wani ya ɗauki hoto ya watsa, ya yanke ta Najeriya daga ciki, ya rubuta cewa an sauke ta. Ba a daɗe ba muka ji hayaniya a ƙasa, samarinmu ne suka taso daga kasuwa. Samarin Ibo suka tare su a kan bene. Matattakalar ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. Na fita ina kiran sunayen waɗanda na sani, babu mai ji na, wani ma da na yi wa hanyar zuwa garin ya kira ni da sunan da ba zan rubuta muku ba. Aka fara jifa da kwalabe. Wani Bakatsine mai sayar da wayoyi, Lawal, wanda ya hau ne don ya janye ƙaninsa, kwalba ta same shi a fuska. Idonsa na hagu bai sake gani ba.

'Yan sanda suka zo suka kwashe duk wanda ke wurin, har da ni. Suka bi fasfo ɗaya bayan ɗaya. Nawa lafiya yake, suka sallame ni washegari. Na Oke kuwa bizarsa ta ƙare lokacin da yake kwance a asibiti saboda ƙafar, yana cikin neman sabuntawa, don haka suka riƙe shi. Aka manna takarda a ƙofar ofis. Da muka koma wajen mai ginin daga baya, bai ma bar mu mun zauna ba, hannu kawai ya kaɗa mana. Duk wanda muka nema haya a wajensa bayan nan, da ya ji 'yan Najeriya ne sai ya ce babu. Abin da Malam Habu ya faɗa ya tabbata. Shekarar da ta biyo wani mutumin Gusau ya rasu a masaukinsa, gawarsa ta daɗe a ɗakin sanyi saboda babu ƙungiyar da za ta tsaya masa.

Sau ɗaya aka bar ni na ga Oke kafin a mayar da shi gida, gilashi a tsakaninmu. Ya rame, ƙafar ta kumbura har ba ta shiga silifa. Shi ne ya fara tambaya ta ko Hajiya, wato mahaifiyarku, ta sauka lafiya. Na ce lafiya. Ya ce in ba ta haƙuri, bai san da zancen mahaifinta ba sai da na gaya masa bayan zaman, da ya sani tun farko da bai roƙe ni ba. Ya tambayi yaron da aka fasa wa ido, na gaya masa gaskiya, ya rufe fuska da tafinsa. Da mai gadi ya taɓa kafaɗarsa alamar lokaci ya yi, ya matso kusa da gilashin.

"Na samu na kira sunayensu duka kafin a fara," ya ce.

Da aka kai shi gida aka yanke ƙafar, amma ciwon ya riga ya hau. Damina ba ta ƙare ba Ngozi ta kira ni ta ce ya rasu.

Na sayi tikiti. Daga Legas ban wuce Kano ba, na hau motar gabas zuwa ƙauyensu, ban gaya wa kowa ba. Tun daga bakin hanya tutar ce ko'ina, a kan babura, a wuyan samari, don labari ya iso musu cewa saboda ita aka kama shi. A ƙofar gidan wasu samari suka ga hulata da kaftanina suka tare ni. Na faɗi sunana, na ce abokin kasuwancinsa ne daga China. Ɗaya ya ce su ba su gayyaci Bahaushe ba, Hausawa ne suka kashe shi. Na kira wayar Ngozi ba ta ɗauka ba, ganguna da kuka sun cika gidan. Da na ga idanunsu na san in na matsa wani abin zai sake faruwa a kan gawarsa, sai na tsallaka titi na tsaya a gindin wata bishiyar mangwaro. Ina nan tsaye har na ji an buga bindigar da suke bugawa in an sa mamaci a ƙasa. Na juya na nemi tasha.

Da na iso Kano mahaifiyarku ta karɓi jakata, ta kawo ruwa, ta kawo abinci. Ba ta tambaye ni inda na biya ba. Ku kuna murna Baba ya dawo, ba ku lura da komai ba. Sai bayan kwanaki, ina shirin fita masallaci, ta ce in ara mata wayata, in kuma nemo mata lambar Ngozi. Ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ina tsakar gida ina jiyo muryarta ƙasa-ƙasa da ɗan Turancinta, can sai maganar ta tsaya, na ji kuka, na nan da na cikin wayar. Ta daɗe kafin ta fito. Ta miƙo mini wayar ta ce in yi sauri kada in rasa jam'i.

Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ban kuma tambaya ba. Na koma Guangzhou na ƙara wasu shekaru ni kaɗai, a ƙaramin sito, ita ba ta sake bina ba. Ta riƙe ku, ta riƙe gidan nan, ta yi jinyata da na dawo da ciwo, ba ta taɓa rage mini komai na haƙƙina ba. Amma har Allah ya karɓi ranta ba ta ce mini na yi daidai ba, ni ma ban ce mata na yi kuskure ba. A haka muka rabu.